Ruwa ya ɗauke: lambun bayan ɗaki, ajiyar wake da aikin yara

Uwar 'Yan Uku, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ga Nuwamba ta raba, iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba. Akwai ɗan fili a bayan ɗakina, taku shida da huɗu, ƙasa mai yashi, ruwanmu kuma na famfo ne da ba kullum yake zuwa ba. Ina so in sa albasa, karas da salati. Ta ina ake farawa, kuma ruwa nawa za su sha a rana? Sannan an kawo mana wake buhu guda daga ƙauye, ina tsoron ƙwari. Na ƙarshe, yarana uku ne, mai shekara 11, mai 8 da mai 4. Wane aiki ya dace a ba kowa, ba tare da an taɓa masa lakwal da makarantar allo ba?

Mai Lambu, Marwa

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ruwa za ki fara lissafawa kafin fili. A wannan sanyin, fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 yana shan kamar lita 10 zuwa 12 a rana. Fangali huɗu ke nan jarka biyu zuwa biyu da rabi ta lita 20, kullum, har wata uku zuwa huɗu. Idan famfonku yana kwana biyu bai zo ba, ki tsaya a fangali uku kuma ki tanadi duro mai murfi. Zafin Maris zai kusan ninka abin da suke sha, shi ya sa ake so a gama kafin nan.

Ki sassaɓe ƙasar zurfin taƙi guda, ki zuba wa kowane fangali bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana murmushewa a hannu. Ɗanyen kashin tumaki ko na kaji yana ƙone saiwa, yana kawo ciyawa, karas kuma ya fito da ƙafafu biyu ko uku kamar rogo. Da yake ƙasarki yashi ce, ki yi fangalin a kwance da ɗan kunya a gefe don ruwa ya zauna. Ki jiƙa shi kwana uku kafin ki sa komai.

Albasa: lokacin yafa iri ya kusa wuce ki, domin yana kwana 40 zuwa 50 kafin ya isa dashe. Gara ki sayi dashen wajen masu lambun bakin Binuwai, ki nemi Gudami, ita aka fi sani a ƙasar nan da rani. Ki zaɓi mai ganye uku ko huɗu, kauri kusan na fensir. Ki datse kashi ɗaya cikin uku na ganyen, ki dasa da la'asar, santimita 10 tsakanin tushe, 15 tsakanin layi. Fangali ɗaya zai ɗauki ɗari da 'yan kai. Kada ki nutsa ta, farin gindin kawai zai shiga ƙasa. Wadda aka binne da zurfi wuya take yi maimakon kai. Idan ganye ya fara kwanciya da kansa, ki yanke ruwa kwana goma kafin ki tona, in ba haka ba ruɓewa za ta yi a ɗaki.

Karas ba a dasa shi. Ki cuɗa irin da busasshen yashi, ki yafa a layi, ki rufe da ƙasa kaɗan, ki shimfiɗa tsohon buhun algarara a kai ki riƙa ba da ruwa ta samansa. Yana mako ɗaya zuwa biyu kafin ya tsiro, kuma rana ɗaya tak saman ƙasar ya bushe to an yi asarar irin. Da ya leƙo ki ɗage buhun. Bayan mako uku ki rage, ki bar faɗin yatsa uku tsakani, ko da kina jin tausayin cirewa. Salati ba shi da wahala, mako uku a yafe, sai dashe.

Inna ta Kusuri

Malam ya gama maganar lambu, ni wake zan taɓa. 'Yata, ƙwaron ba daga ɗakinki zai shiga ba, tun daga gona ya zo da ƙwansa a jikin waken. Ki fara shanya shi a kan baƙar leda ko tabarma mai tsabta, shimfiɗa siririya, daga hantsi zuwa azahar, kwana biyu ko uku, har ki ciji ƙwaya ta ce ƙas.

Wanda za a ci nan kusa, toka ta ishe shi. A tankaɗe tokar murhu wadda ta huce, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a cuɗa, a zuba a tulu ko randa, a danna, a ƙara toka kaurin yatsa biyu a sama. Mutane suna barbaɗa 'yar kaɗan su ce ba ta aiki. Dole ta cike duk ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin. Sauran kuma ki sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka faro bincikensa a Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Huji ɗaya ya ɓata aikin, buɗewa kowace Juma'a ma haka. Jarka busasshiya mai murfin kirki ita ma tana yi, in an cika ta har wuya. Ƙwayar maganin nan da ake sayarwa a kasuwa ana jefawa cikin buhu kuwa, kada ta shiga ɗakin da mutum yake kwana, iskarta guba ce.

Tunda sanyi ya shigo, in ƙara: kaskon gawayi ba ya kwana a ɗaki rufe. Wankan ƙaramin a mai da shi tsakar rana, a shafe shi da man kaɗanya tun jikinsa da ɗanshi, har leɓe da dunduniya. Gidan sauro kuma kada a naɗe tukuna.

Malamar Firamare, Garwa

Yaya, kada ki ce "ku je ku ba lambu ruwa". Aikin da aka ba mutum uku ba na kowa ba ne, faɗa kawai zai haifar. Mai shekara 11 ki ba shi fangali guda ya zama nasa, tun daga dashe har tono, ki ce albasar tasa ce, ya sayar ko ya kawo wa tukunya. Idan ya manta da ruwa albasar ta yi yaushi, ki kai shi ya gani da idonsa ya gyara, kada ki riga shi. Mai 8 ya isa cire ciyawa, amma sai kin zauna da shi sau biyu kin nuna masa bambancin tsiron karas da ciyawa, don ganyen farko kamar ciyawa yake, zai tumɓuke miki layi guda yana murna. Mai 4 a ba shi gwangwani da aka huda gindinsa da ƙusa, da tushen salati biyu.

Minti 15 bayan la'asar ya isa. Aiki mai nauyi a bar shi ranar Laraba da ake tashi lakwal da wuri, ko Asabar. Jarkar lita 20 ta fi ƙarfin wuyan ɗan shekara 8, a raba masa a ta lita 5. Kuma in akwai mace a cikinsu, kada wanke-wanke da shara su taru a kanta ita kaɗai, maza suna lambu ana yaba musu.

Uwar 'Yan Uku, Garwa

Allah Ya saka da alheri. Malam, ruwan wanke-wanke fa, zan iya juye shi a fangali ranar da famfo bai zo ba? Ga kajin maƙwabta kuma.

Mai Lambu, Marwa

Ruwan wanke shinkafa, gero ko ganye, da na alwala, duk ki zuba a gindi. Mai omo, jabel (ruwan bilic) ko maiƙo kuwa a'a, gishirinsa yana taruwa ya daskarar da ƙasa, salati kuma ɗanye ake cin sa. Kaji sai shinge: karan dawa a jere, tsayin ƙugu, ki ƙara kauri ta gabas da arewa ya tare miki iskar hunturu. Ki kafa shi kafin iri ya shiga ƙasa, domin kaza ɗaya tana tone layin karas kafin ki idar da sallar walha.