Shiki ya ci mini data, wa zai biya?

Sarkin Data: Jama'a, wanda ya ce in sauke Shiki, anime ɗin nan (fim ɗin zane na Japan), ya fito ya biya ni kuɗin datata. Kashi 22 cur, sai da na kusa rabi kafin abu ya motsa. Ƙauyen Sotoba mutum 1,300 ne, ana ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, likita Ozaki na ta auna jini yana cewa annoba ce, alhali ko yaron goye ya san baƙin da suka tare a gidan kan tudu su ne mayun. Ga gashin kan mutanen kamar wutar lantarki ta ja su. Amma wallahi ƙarshensa ya hana ni barci. Fim ɗin ne mai kyau ko asara na yi?

Malam Gyara: Tsaya ɗan'uwa. Mayu? Maye kurwa yake kamawa, kuma da ransa, kuna cin kasuwa tare. Waɗannan gawa ce da ta tashi daga kabari tana shan jini. Ina haɗin?

Sarkin Data: Malam, ba darasin Hausa na zo ba.

Ummu Hanifa: Malam ya yi gaskiya. A garinmu in an kama maye tsallaka maras lafiya ake sa shi ya yi, ba a kafa masa turke a ƙirji. 'Yan shan jini za ka ce.

Na Fagge: Anti, 'yan shan jini ai su ne waɗanda aka riƙa tsoratar da mu da su muna yara, masu sace yaro a mota. Ni na tsaya a kan maye. Dubi Megumi, yarinyar ƙauyen nan, tana tashi daga kabari ba ta nufi baƙo ba, sai mutanen da ta sani, ta liƙe wa Natsuno, yaron da take so, a bakin taga. Na gida ya ci na gida, in ba maita ba mene ne?

Malam Gyara: Maita gadonta ake yi ko a haɗiyi ƙanƙara. Wa ya haɗiyi ƙanƙara a Sotoba? Cizo ne, kuma ba duk wanda ya mutu ke tashi ba. Fatalwa ta fi kusa.

Ummu Hanifa: Fatalwa da haƙori? Haba Malam, har na fara goyon bayanka.

Alucard Ɗan Zariya: Duk surutu ne a kan katun ɗin da bai kai ba. Ku kalli Hellsing Ultimate, shi ma na masu shan jini ne, kashi 10, ba jan rai. Ba mai zama yana kuka wai yunwa ce ta sa shi kisa.

Na Fagge: Katun? Ka ce katun? Littafi ne na Fuyumi Ono tun 1998, aka mai da shi anime a 2010. Wajen da Ozaki ya ɗaure matarsa Kyoko bayan ta tashi, ya kunna kyamara yana gwada abin da zai kashe ta, ita kuma tana kallonsa, shi ne katun? Nuna wa ƙanenka mu gani.

Autar Mama: Innalillahi! Ina kashi na 9 fa. Allah ya isa, Yaya.

Na Fagge: Fim ɗin 2010, Auta. Sai yaushe za mu jira ki?

Autar Mama: Ai kai ne wancan watan ma ka tona mini ƙarshen wani. Halinka ne.

Alucard Ɗan Zariya: Zane ne mai motsi, sunansa katun. Ko Japanawa su yi fushi.

Sarkin Data: Ni fa tambayata a kan jan labari ce. Da kuma yadda mutanen gari suka koma, mata na jawo gawarwaki suna hutawa su ci abinci da jini a hannu. Nan na rasa wa zan tausaya wa. Ba wanda zai ce komai a kai?

Malam Gyara: Ka janye "mayu" tukuna.

Ummu Hanifa: Kurwata kur! Ku daina kiran sunan da daddare don Allah.

Na Fagge (admin): To, an rufe. Abin da aka cimma: yawancin 'yan zaure sun yarda "maye" ya dace, hujjar Malam ba ta tsaya ba. Shiki ya fi Hellsing nesa ba kusa ba, jan labarin ma da gangan ne. Mai cewa katun ya samu gargaɗi na farko. Auta ta yi haƙuri ta riƙa kallo da sauri.

Malam Gyara: Yawancin wa? Kai kaɗai ne da mai tambaya.

Sarkin Data: Ni ban ce jan labarin da gangan ne ba. Kuma har yanzu ba a biya ni datata ba.