Na'ura ko baki: wa ya fi gaya wa jirgin yaƙi inda zai jefa bam?

Abdul Ƙofar Soro: Jama'a, ni ina nan kan bakana. Da sojan ƙasa zai danna na'ura, wurin hari ya fito wa matuƙi a allo kai tsaye, da an daina jefa bam kan bayin Allah. Karanta lambobin wurin hari ta rediyo ana ruwan harsashi, ai bakwai sai ta koma takwas. Ƙasashen ƙawancen tsaro na NATO suna da tsarin sadarwar soja mai suna Link 16, jirgi da na ƙasa duk taswira ɗaya suke kallo.

Baba Sajan: Ɗana, ka taɓa riƙe rediyo a daji? Lamba in ka faɗa, sai an maimaita maka ita, ka ce e, sannan a saki. Na'urar ma ta ci mutane. Disamba 2001, kusa da Kandahar a Afghanistan, sojan Amurka ya sauya batirin GPS ɗinsa. Da ta kunnu sai ta nuna inda shi yake tsaye. Wannan lambar aka bai wa jirgin B-52. Sojojinsu 3 suka mutu, Hamid Karzai, wanda daga baya ya shugabanci Afghanistan, ma ya ji rauni.

Abdul Ƙofar Soro: Baba, a gafarce ni, ai nan ma hannun mutum ne ya kuskure.

Baba Sajan: To ka faɗi maganata da bakinka.

Malama Hadiza: Ku dawo gida mana. Tudun Biri, 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ne, da kyamararsa. Lamba ba ta ɓace ba, wurin da aka nufa aka samu. An ga taro, ba a san Mauludi ake ba. Mutum aƙalla 85 suka mutu. Wace na'ura ce za ta ji yara na yabon Annabi (SAW)?

Kawu Direba: Malama kin yi gaskiya, amma kar ku danne yaron nan. Ni mai bin hanyar Batsari ne. 'Yan bindiga kan babura suke. Kafin a gama "maimaita, ban ji ba" sun shige dajin Rugu. Sauri ma rai ne.

Malama Hadiza: Kawu, a kan babur ɗin ai har da wanda suka sato, ɗaure a tsakiya. Allon zai ware shi?

Abdul Ƙofar Soro: Naji, ba za a daina kuskure gaba ɗaya ba. Amma zai ragu.

Baba Sajan: Ɗazu "an daina" ka ce. An kira la'asar, ka biyo ni masallacin unguwa in zana maka yadda ake karanta taswira a ƙasa.