Tambaya kan kofin Walker: me ya bambanta shi da Ryder, kuma 'yan Afirka na shiga?

Ɗan Tudun Wada:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu bin wasan golf a taimaka min. Ni kofin Ryder kawai na sani, to sai na ci karo da bidiyon wani wai kofin Walker a YouTube, Amurka da Birtaniya, yara ne ƙanana amma wallahi bugun nasu ba na yara ba ne, kuma mai sharhi yana ta cewa ba a biyansu ko sisi. To meye amfanin? Sannan ƙasashenmu na Afirka za su iya shiga ko na Turawa ne kawai?

Mai Sanda Bakwai:
Wa alaikassalam malam. Walker ɗin nan ai ya girmi Ryder, an fara shi 1922 a jihar New York, Ryder kuwa sai 1927. Sunan George Herbert Walker aka sa masa, wanda ya shugabanci hukumar golf ta Amurka a 1920, kuma shi ne kakan George Bush babba ta wajen uwa. Bambancin shi ne Ryder na ƙwararru ne masu cin abinci da wasan, Walker kuma na 'yan sha'awa ne waɗanda ba su fara buga wasan kuɗi ba, yawancinsu ɗaliban jami'a.

Kowane ɓangare mutum 10 ne, Amurka gefe guda, Birtaniya da Ailan gefe guda, kwana biyu ake yi. Da safe mutum biyu-biyu suke haɗuwa da ƙwallo ɗaya tak, kai ka buga abokinka ya ɗora daga inda ta tsaya, in ka jefa ta cikin rairayi ko ƙarƙashin bishiya to shi ka jawo wa wahala, shi ya sa za ka ga yaro ya yi mummunan bugu ya kasa ma kallon idon abokinsa. Da yamma kuma gaba da gaba, mutum ɗaya da ɗaya. Ba yawan bugu ake ƙirgawa ba, rami-rami ake ci, wanda ya fi cin ramuka shi ke da maki ɗaya, in an yi kunnen doki a raba rabi-rabi. Maki 26 ne gaba ɗaya.

Batun meye amfanin kuwa, duba sunayen manyan 'yan wasan duniya da suka bi ta nan tun suna yara. A 2007 a filin Royal County Down na Arewacin Ailan, Rory McIlroy yana da shekara 18 ya buga wa Birtaniya da Ailan, a can gefen akwai Dustin Johnson da Rickie Fowler. A 2017 Scottie Scheffler da Collin Morikawa suna tawaga ɗaya. Duk kamfanin da ke neman wanda zai ɗauki nauyi idonsa na wajen.

Baban Khalifa:
Mai Sanda ka yi bayani amma ka ɓoye masa abu ɗaya, gasar nan fa ta zama ta gefe guda. Tun 1922 ake yi amma sai 1938 Birtaniya ta fara ci, daga nan kuma shiru sai 1971, ka ji fa, shekara 33. An ɗan samu lokacin da suka farfaɗo suka ci sau uku a jere, 1999 da 2001 da 2003, to tun 2015 da suka ci a Royal Lytham, 2017 Amurka, 2019 Amurka, 2021 Amurka, 2023 ma a St Andrews gidansu aka bi su aka doke su, 2025 a Cypress Point aka yi musu 17 da 9. Ni ra'ayina a yi abin da aka yi wa Ryder a 1979, a buɗe wa Turai duka ƙofa, tunda a can sai da irin su Ballesteros na Sifen suka shigo sannan wasa ya yi armashi.

Mai Sanda Bakwai:
A'a Baban Khalifa ban yarda ba. Na 2023 ɗin da ka ambata ai 14½ da 11½ aka tashi, kuma Birtaniya ce a gaba bayan ranar farko, wannan ba cin kaca ba ne. Sannan Turai na da nata, akwai kofin St Andrews tun 1956, Birtaniya da Ailan suna karawa da sauran ƙasashen Turai. Kuma daɗin Walker ai shi ne ranar da ƙarami ya kayar da babba. A 1995 a Porthcawl ta Wales, Tiger Woods na cikin tawagar Amurka, Gary Wolstenholme wanda ƙwallonsa ba ta ko kusa da nisan ta Tiger ya doke shi da rami ɗaya, kuma Amurka ta sha kashi a wannan shekarar. In ka cika tawagar da 'yan Sifen da Suwidin an samu wata gasar daban kenan.

Malam Na Rayfield:
Ku dai kun tsaya musu kun bar bawan Allah da rabin tambayarsa. Ɗan Tudun Wada, Walker kam babu mu a ciki, na ɓangarori biyun nan ne kawai. Wanda ake kira na duniya shi ne kofin Eisenhower, sunan shugaban Amurka na lokacin aka sa masa, an fara 1958 a St Andrews, Ostiraliya ta ci bayan an yi kunnen doki da Amurka an sake bugawa. Hukumar golf ta duniya ke shirya shi. Tsarinsa daban, nan kam bugu ake ƙirgawa, kwana 4 rami 72, kowace ƙasa mutum 3, kullum a ɗauki sakamakon biyun da suka fi kyau a yar da na ukun. Da can mutum 4 ne a ɗauki 3.

Wannan rage yawan shi ya taimaki ƙananan ƙasashe, don samun yara biyu masu zafi ya fi sauƙi a kan samun uku, balle goma irin na Walker. Denmark ta ci a 2018 da tagwayen nan Nicolai da Rasmus Højgaard, Italiya ta ci a 2022. Ka gwada da 1960 lokacin da Jack Nicklaus da abokansa na Amurka suka ba ƙasar da ta zo ta biyu ratar bugu 42.

Sai dai tun 2023 an taƙaita shi zuwa ƙasashe 36, yawanci sai 'yan wasanka na da matsayi a jadawalin duniya na 'yan sha'awa, kuma matsayin nan ba ya samuwa sai kana fita gasa. Nan ne matsalarmu take. Filaye muna da su, Kano da Kaduna da Jos da na IBB a Abuja, kuma ka je da sassafe ka ga yaran da ke ɗaukar wa manya jaka, in oga ya shiga shan ruwa su ari sanda ɗaya su yi ta bugu a gefe, wasunsu hannunsu ya fi na ogan nesa ba kusa ba. Amma wa zai biya masa kuɗin jirgi da masauki? Da ya ga ya iya sai ya koma wasan kuɗi don ya ci abinci, daga nan kuma ya fita daga sahun 'yan sha'awa. Afirka ta Kudu ce ta yi nisa a nahiyar, su suna da tsarin rainon yara tun daga makaranta.

Ɗan Tudun Wada:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To amma Malam, in yaro ya karɓi ko ɗan abin sayen ruwa shi kenan ya fita?

Malam Na Rayfield:
A'a ba haka ba ne yanzu. Tun 2022 an sassauta dokar, zai iya karɓar tallafin kamfani da kuɗin tafiya, har kyautar gasa in ba ta wuce dala 1,000 ba. In ya karɓi fiye da haka, ko ya shiga gasa da sunan ƙwararre, to nan ne ya fita.