In dagaci ya ce "to", dole ne sai mun sake tambayar kowa?

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda muka tsayar a zaman da ya wuce, bayan girbi ƙungiyarmu ta cigaban gari za ta zaga unguwanni ta ji daga bakin mutane abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya: ruwa ne, ɗakin shan magani ne, rufin firamare ne, ko hanyar nan da ke yankewa duk damina. Na gama tsara takardar tambayoyin. A samanta na sa ɗan bayani da za a karanta wa kowa kafin a fara: ga su wane ne mu, ga abin da za mu yi da amsarka, ba tallafi muke rabawa ba, kuma in ba ka so ka ce ba ka so, babu abin da zai biyo baya. Ma'aji ya kira ni ya ce a cire wannan bayanin, tunda dagaci ya amince har ya ce zai sa a yi shela. Ni ban yarda ba. Na kawo maganar nan don kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ma'aji: Wa alaikumus salam. Haka na ce, kuma ina nan a kan bakana. Mu ba baƙi ba ne da suka sauko daga mota da jakunkuna. A garin nan aka yanke cibiyarmu. Dagaci uban kowa ne, in ya ce a ba mu haɗin kai magana ta ƙare. Ka je ka tsaya a ƙofar dattijon da ya goya ka kana karanta masa "kana da damar ƙin amsawa", wallahi sai ya ɗauka akwai wata a ƙasa. Da bakinka za ka shuka masa zargin da babu shi. Ga kuma lokaci: yaran da za su yi mana aikin nan sa kai ne, kuɗin mai da ruwan sha kawai za mu ba su. In kowane gida sai an yi wa'azi kafin tambaya, yaushe za a gama?

Malamar Asibiti: Yaya Ma'aji, ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. Kasancewarmu 'yan gari shi ne ma ya sa abin ya fi nauyi. Baƙo in ya ji sirrinka gobe ya tafi. Yaron da zai riƙe takardar nan kuwa da shi za a haɗu a masallaci, a wurin suna, a layin niƙa. Na duba tambayoyin. Akwai wadda ke cewa sau nawa aka ɗora tukunya a gidan nan jiya. Akwai ta bashi. Akwai wadda ke cewa ina matar gidan ta haihu na ƙarshe, kuma me ya hana ta zuwa awo. Na daɗe ina aikin ɗakin haihuwa, na san matar da za ta ce maka "nisa ne" alhali gaskiyar ita ce maigida ne bai ba ta kuɗin mota ba, ko surukarta ce ta ce a gidan nan ba a zuwa. Ba za ta taɓa faɗin haka ba in tana ganin an turo ka ne daga fada.

Ɗan Gidan Dagaci: Anti, kada a mayar da Baba kamar wani mai tilasta wa mutane. Shi da kansa ya ce a haɗa kowace tawaga da yaro ɗaya daga gidanmu don kada a wulaƙanta ku a ƙofar kowa. Karamci ne ya yi muku.

Malamar Asibiti: Karamci ne, Allah ya ƙara masa girma, babu mai musun haka. Amma ƙanena ka sa kanka a matsayin mutumin da ke noma gonar aro ta gidanku, ko wanda shari'arsa ta iyakar gona ke gaban Baba. Ga yaron fada zaune a kan tabarma, an tambaye shi ko rabon takin bara ya yi adalci. Me zai ce? Zai ce alhamdu lillahi. Mu kuma mu rubuta alhamdu lillahi mu kai wa ƙaramar hukuma a matsayin ra'ayin jama'a.

Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, bari in sa baki, don na ga abin da da yawanku kuna ƙanana aka yi shi. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ya samu amincewar hukuma kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye da dama suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani ne kawai ake ba 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. To ku duba abin da ya biyo baya. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har sai tsakiyar 2004 aka dawo da shi, maganar Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na sama sun ce sun yarda, amma uwar da ke riƙe da yaron ba ta san abin da aka yarda da shi a madadinta ba. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna biyan bashin da ba su suka ci ba.

Ma'aji: Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma ina allura ina tambaya? Mu ba jikin kowa za mu taɓa ba. Ruwa muke nema wa mutane.

Tsohon Hedimasta: Gaskiyarka, ba ɗaya ba ne, kuma ban ce ɗaya ba ne. Abin da nake so ka ɗauka shi ne yardar mutane in ta zube ba ta kwasuwa. Wannan ƙungiya za ta sake komawa ƙofofin nan neman gudummawar gini, neman filin rijiya, neman a sa yara mata makaranta. In aka ji maganar bashin wani a bakin mai shayi bayan yaranmu sun fita daga gidansa, mun rufe wa kanmu ƙofa da hannunmu.

Ɗalibar Jami'a: Ina neman izini in ƙara wani abu, iyayena. Yanzu ma maganar ta wuce ta ladabi kawai. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne, kuma wanda ya amince yana da damar janyewa. Ta kuma sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta kiyaye su. Abin da zai yi wa Kawu Ma'aji daɗi shi ne dokar ba ta ce dole sai a rubuce ba, amincewa da baki ma ta wadatar. Sannan a babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, kamar na 2018, in aka zo tambayoyin cin zarafi a cikin gida mace ɗaya tak ake zaɓa a gida, kuma in ba a samu keɓewa da ita ba sai a bar sashen gaba ɗaya. Sun gwammace su rasa amsa da su jefa mace cikin fitina.

Ma'aji: To 'yata, wannan na sa hannu shi ne rabin damuwata. Sakatare ya bar wurin dangwala yatsa a ƙasan takardar. Kun san mutanenmu. Ka ce tsoho ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, ko dai ya ɗauka gonarsa ake so a karɓe, ko ya ɗauka 'yan siyasa ne ke tara sunaye. Wanda kuma ya dangwala da murna, shi ya riga ya sa a ransa sunansa ya shiga jerin masu karɓar tallafi. Wata biyu ya fara tare ni a kasuwa yana tambaya ko kuɗin sun fito.

Sakatare: Wannan kam ka yi gaskiya, na karɓa. Na kwaikwayi fom ɗin da na saba gani ne ban yi tunanin yadda zai sauka a nan ba. A cire dangwala yatsa. Mai tambaya ya yi bayani da baki, in mutum ya ce ya yarda sai shi mai tambayar ya yi alama. Amma ka lura, maganar tallafin da ka kawo ita ce babbar hujjata. Shela ba za ta iya wannan aikin ba. Mai shela zai ce dagaci na gaishe ku, za a zo a rubuta matsalolinku, kowa ya ba da haɗin kai. Kafin maganar ta kai unguwar ƙarshe ta zama za a raba buhun shinkafa. Daga nan kowa zai fara ƙara wa talaucinsa gishiri, mai awaki goma ya ce ba shi da ko kaza, kuma ba laifinsa ba ne, mu ne muka bar shi cikin duhu. Sai an dubi idon mutum an ce masa babu ko sisi a wannan aikin, abin da muke da shi kawai alkawarin kai kukan gari inda ya dace da kuma dawowa mu karanta muku abin da muka samu.

Na'ibin Liman: Salamu alaikum. Na ga ana ta kawo dokar gwamnati da abin da ya faru a Kano, kamar neman izini baƙon abu ne a wurinmu. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, aya ta gaba kuma ta ce in aka ce ku koma, to ku koma. Ba a ce in sarkin gari ya yarda ku kutsa ba. Izinin na masu gida ne. A Hujurati kuma an hana bin diddigin sirrin mutane. Hadisi ya zo cewa in mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya don kada wani ya ji, maganar nan amana ce. Saboda haka ni a wurina a yi wa dagaci biyayya ta hanyar farawa da shi, wannan haƙƙinsa ne. Amma cikin gidan mutum da cikin zuciyarsa ba su shiga cikin abin da dagaci zai bayar ba. Abu ɗaya da zan ja hankali a kai: matan aure sai da izinin mazajensu. Kada a tsallake wannan.

Malamar Asibiti: Allah gafarta Malam, a nemi izinin maigida a zaure, na yarda, ba ma yadda za a yi a shiga ba tare da shi ba. Mata ne kuma za su shiga wurin mata. Amma izininsa na shiga ne. In an shiga ita ma sai an tambaye ta, kuma in ta ce ba ta so a fito ba tare da an gaya masa ita ce ta ƙi ba. Sannan ba a tsakar gida ba, inda kishiya ke tankaɗe tana kasa kunne. A ɗakinta, ko a bar tambayoyin haihuwa da na abinci a yi na ruwa kawai.

Na'ibin Liman: In kuma maigida ya ce shi zai amsa a madadin iyalinsa fa?

Malamar Asibiti: Sai a rubuta amsarsa a matsayin tasa, a bar gurbin matar babu komai. Shi bai san sau nawa ake zuwa rijiya a yini ba, ba shi ke ɗaukar jarka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na'ibin Liman: Wannan na ƙarshen ina da sauran magana a kai, amma sai mun haɗu.

Ɗalibar Jami'a: Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. Cire suna daga takarda ba ya ɓoye mutum a gari irin namu. In rahoto ya ce wata bazawara mai 'ya'ya shida a bayan makabarta ta ce kaza, kowa ya san ta. In aka ce wani mai gyaran babur ya koka da mai unguwa, su nawa ne masu gyaran babur? Ina ganin a haɗa amsoshi unguwa-unguwa, kada a ɗauko maganar mutum ɗaya sai an koma an tambaye shi. Kada kuma a ɗauki hoto ko a naɗi murya a wayar kowa, don wayoyin nan hannu-hannu suke yawo. Kuma kada a tura yaro unguwarsu, a musanya su.

Ɗan Gidan Dagaci: Musanyar ba matsala. Amma maganar a ce yaran gidanmu kada su raka ku, ni ba zan iya kai wa Baba ita ba. Zai ji kamar ana gudunsa ne.

Tsohon Hedimasta: Ba kai za ka kai ba, ɗana, ni zan je. Tare muka yi makarantar allo da shi. Zan ce masa yaransa su raka tawaga har bakin unguwa su gabatar da su ga mai unguwa, daga nan su juya. Zan kuma gaya masa dalili ba tare da kwana-kwana ba: in yaransa na zaune, yabo kawai za a kawo masa, shi kuma abin da zai kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma yake nema. Na san shi, zai gane.

Ma'aji: Na sauko a kan bayanin, amma da sharaɗi. Sakatare ka rage shi. Abin da ka rubuta ya yi kama da takardar kotu. A mayar da shi jimla huɗu ko biyar da Hausar da kakata za ta gane, a kuma bar yaran su faɗe shi da ka, ba su tsaya suna karantawa ba. Ga dattawa kuma a fara da gaisuwa yadda ta kamata kafin a zo kan "in ba ka so". Har yanzu ina ganin wasu za su tsargu, kuma za mu rasa gidaje.

Sakatare: Za mu rasa wasu, na sani. Zan ƙara layi a takardar da za a riƙa ƙirga gidajen da suka ƙi, ba tare da suna ba, don mu san yawan waɗanda ba mu ji daga gare su ba. Zan turo gajeren bayanin daren nan kowa ya gyara. Anti, ki samo mana mata huɗu da za su iya riƙe sirri, mu zauna da su da samarin ranar Asabar bayan la'asar a firamare su gwada yi wa juna tambayoyin. Malam Na'ibi, don Allah ka zo da wuri, mu ƙarasa maganar maigida da iyalinsa kafin yaran su iso.