Wa ya taɓa zuwa baje kolin hotunan rayuwar mutane?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na shiga wani baje kolin hotuna, irin waɗanda ake ɗauka ba tare da an shirya kowa ba. Ni da na saba shafa hoto a waya in wuce, sai ga guda ɗaya ya tsayar da ni kusan minti 20. Na mai ɗaukar hoto Sebastião Salgado ne, ramin haƙar zinare na Serra Pelada a Brazil, 1986. Daga bakin ƙofa na ɗauka tururuwa ce. Da na matso sai ga mutane dubbai, kowa da buhun ƙasa a wuya, suna hawan tsanin katako, laka har ka. Ku ya kuka ji naku?

Wata malama: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ɗan rubutun da ake liƙawa a gefe ne ya kama ni. Ka san hoton matar nan da ta yi tagumi, yaranta sun ɓoye fuska a kafaɗunta? Dorothea Lange ta ɗauke shi a Kalifoniya a 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Na zaci ta haura hamsin, ashe shekararta 32. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duniya ta san fuskarta sama da shekara 40 ba ta san sunanta ba, sai a 1978 aka gano Florence Owens Thompson ce. Tun ranar nake fara duba ko an rubuta sunan wanda ke cikin hoto.

Wani ɗalibi: Malama, ni rubutun nake bari ƙarshe. In na riga karantawa, idona abin da aka faɗa masa kawai yake nema.

Wani dattijo: Ɗana, da gaskiyarka, amma kar ka fita ba ka karanta ba. Na je baje kolin World Press Photo, gasar da aka fara a Amsterdam a 1955, na tsaya gaban hoton wani taron jama'a ina cewa biki ne. Jana'iza ce. Kunya ta kama ni, don har murmushi na yi.

Mai buɗe zance: Baba, ni abin da ya dame ni wasu matasa ne da suka juya wa ramin zinaren baya suna ɗaukar kansu hoto. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga tawa wayar ma tana hannuna.