Sassaƙar namun daji a ƙotar bindiga: wa aka taɓa yi wa?

Na Ƙofar Doka:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Bindigar toka ce ta Babanmu, da ita yake fita cikin 'yan bindiga ranar hawan sallah. Ƙotar ta tsage, za mu yi sabuwa, kuma ina sha'awar a sassaƙa barewa a jiki. Wanda aka taɓa yi wa ya ba mu labari.

Tsohon Maharbi, Giwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Bar maganar barewa tukuna, fara da ice. Tawa ta maɗaci ce, yana karɓar wuƙa, in ya sha mai kuma jansa ya fito. Na riƙe ta kirya a hannun abokin farautata. Ƙarfi kam ba a magana, ko gara ba ta kusantarta, amma wuni ɗaya a daji kafaɗarka za ta ba ka labari. Kowanne ka zaɓa, ya zama busasshe ƙayau. Ɗanyen ice, hunturun Zariya na busawa zai buɗe baki.

Ɗan Masassaƙa, Tudun Wada:
Baba Maharbi ya faɗi gaskiya. Ni sana'ar gidanmu ce, turmi da kujera da ƙota, kuma jefi-jefi akan kawo mana irin wannan aiki. Inda mutane ke ɓata ƙota shi ne wuya, wato inda hannu ke kamawa bayan kunama. Nan ne ice ya fi siranta, nan ne kuma duk dukan da bindiga ke yi in ta tashi yake bi. An taɓa kawo mini wata da wani ya haƙa mata zaki tun daga gindi har wuya, jelar ta zagaye wuyan. Kyau kam ta yi, amma daidai kan jelar ta karye. Ga shi 'yan bindigar sallah ba sa tausayin albarushi, ƙara suke so.

Ni a faffaɗan gefen gindi kawai nake zane, zurfin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Gefen da kunci ke kwanciya a bar shi sumul. Barewa kuma a kwance nake yinta, ƙafafu a naɗe, don siririyar ƙafa in ta gitta jijiyar ice ɓallewa take yi tun wuƙa ba ta gama ba. Ɓauna ta fi sauƙi, jiki ne cunkus sai ƙaho.

Injiniya, Samaru:
Na ga wata mai baki biyu ƙirar Jamus a gidan wani dattijo da na yi wa aiki. Su icen walnut suke amfani da shi, a zana barewarsu mai ƙaho reshe-reshe ko aladen daji, a kewaye da ganye. Garin Suhl a Jamus da Ferlach a Ostiriya sun yi suna a wannan. Abin da ya burge ni, a mariƙin ba su sa dabba ba, ƙananan layuka ne masu gittar juna don kada hannu ya zame in an yi gumi.

Malam na Kwarbai:
Yayana, ka tambayi Baba kafin a fara. Kawuna da aka kawo masa ƙota mai hoton gada, cewa ya yi surar mai rai ba za ta kwana a ɗakin da yake salla ba. Sai da aka goge, ƙotar ta rame. Daga baya dagi aka yi masa da sawun gada, aka bi gefe da ƙusoshin tagulla. Maharba suna gani suke gane sawun.

Na Ƙofar Kuyambana:
Ni tsohuwar ƙotar kaɗai na kai aka auna, ƙarfen na bar shi gida. Dokar bindigogi ta 1959 ta ambaci har ta toka, kuma yanzu ba lokacin yawo da bindiga a kan mashin ba ne.

Na Ƙofar Doka:
Na gode ƙwarai. Na tuntuɓi Baba, ya ce sawu da ƙaho ya yarda, fuska ce ba ya so. Ɗan Masassaƙa, yaushe zan same ka?

Ɗan Masassaƙa, Tudun Wada:
Kowace rana ban da Juma'a. Ka tambayo mini da wace kafaɗa yake harbi, don in bahago ne gefen zanen zai sauya.