Ben Casey wane irin likita ne? A taya ni neman sunansa da Hausa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya, *surgeon* da *neurosurgeon*, kuma ina so mu tsayar da magana a kansu. Ga mafarin abin.

Kwanakin nan ina kallon wani tsohon shiri mai dogon zango na Amurka, Ben Casey, wanda tashar ABC ta nuna daga 1961 zuwa 1966, kashi 153, duk hoton baƙi da fari. Vince Edwards ne ya fito a Casey, matashin likita mai ɗaure fuska, wanda ba ya shakkar ja da manyansa in dai maganar ran majinyaci ce. Ubangidansa shi ne Dakta Zorba, dattijo mai farin gashi buzu-buzu, wanda Sam Jaffe ya fito a matsayinsa. Kowane kashi yakan buɗe da hannu yana zana alamomi biyar da alli a kan allo, murya tana kiran sunayensu: namiji, mace, haihuwa, mutuwa, sai abin da ba shi da iyaka.

Ran nan da dare ina kallo a waya, Kawu ya zauna kusa da ni ya ɗan bi da ido. Can ya ce, "Kai, wannan wane irin likita ne? Na ga duk wanda ya shiga hannunsa sai an naɗe masa kai da bandeji." Na ce, "Likitan ƙwaƙwalwa ne, Kawu." Ya ce, "Af, ashe asibitin masu taɓin hankali ne."

Kun ga inda gizo ke saƙar. Kawu bai yi kuskure ba, ni na yi. A bakin Bahaushe, likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ake kai wa mutum in hankalinsa ya taɓu. Ka faɗi wannan suna a Kano, tunanin mutane Dawanau zai tafi. Ka faɗe shi a Sakkwato, Kware zai tafi. Casey kuwa ƙoƙon kai yake buɗewa, ya cire ƙari ko gudan jini, ya mayar ya ɗinke.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni ya wuce fim. Shekarun baya ƙanena ya faɗi a babur, kansa ya bugi kwalta. Ya tashi da ƙafarsa, har ya yi mana magana, ya ce ba komai. Bayan 'yan sa'o'i ya fara amai, barci ya danne shi. A asibiti na ga likita ya buɗe masa ido da yatsa ya haska 'yar tocila, ya sake haskawa a ɗaya idon, sannan fuskarsa ta sauya. Jini ne ya taru tsakanin ƙashin kai da ƙwaƙwalwa yana danne ta. Da aka fito aka ce wa Inna "sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi", zama ta yi a ƙasa a nan barandar tana salati, don ita a jinta an ce ɗanta ya haukace ke nan. Mun ɗauki lokaci muna mata bayani, a daidai lokacin da ake jiran a sa hannu a takarda a shiga da shi. Allah Ya sa aka yi aikin, yau yana nan yana harkokinsa. Amma ban manta da zaman nan na Inna ba.

To, me za mu ce? Ina jiran ku.

*

Na gode da amsoshinku, sun fi yadda na zata yawa. Bari in bi su.

Ƙanena da ka ce mu ari kalmar kawai mu ce "sajin", wannan ba za ta yiwu ba. Kunnen Bahaushe ya riga ya ba sajan na 'yan sanda da na soja wannan wuri. A wuce nan.

Malam, kai da ka kawo "likitan fiɗa", ka yi gaskiya cewa ana faɗa, ana kuma jin sa a rediyo da jaridu, kuma Hausa ce tsantsa ba aro ba. Ban raina ta ba. Damuwata ita ce inda kalmar ta fito. Fiɗa aikin mahauci ne bayan an yanka, abin da muke yi wa rago ranar layya. Dabbar da ake fiɗewa ba ta tashi. Ka tsaya gaban matar da za a shiga da mijinta ka ce "za a fiɗe shi", ka ga yadda jikinta zai yi. Ni a ganina fiɗa ta dace da buɗe gawa don bincike, ko darasin da ɗaliban likitanci ke yi a kan gawa. Ga mai rai da ake fatan ya farka, ina son kalmar da ba ta ƙamshin kwata.

Baba da ya ce "wanzamin asibiti", ranka ya daɗe, maganarka ta fi yadda matasa suka ɗauke ta nauyi. Wanzami shi ne mai wuƙa a jikin ɗan Adam a ƙasar Hausa tun kafin asibiti: kaciya, ƙaho, cire beli, sakiya, tsaga. Kuma Turawa ma ta nan suka biyo. A Ingila, a 1540, zamanin Sarki Henry na takwas, an haɗa masu aski da masu yankan jiki a ƙungiya guda, ba su rabu ba sai 1745. Har gobe a can, likitan da ya ƙware a wannan fanni yakan ajiye "Dakta" ya koma "Mista", tunawa da zamanin da masu wuƙa ba su da digirin jami'a. Sai dai wanzami yana nan da ransa da zabirarsa, sana'arsa ba ta mutu ba balle a gaji sunanta. In muka kira Casey wanzami, mutum zai iya ɗauka cewa abin da ake yi a asibiti wanzamin unguwa ma zai iya, kuma wannan ruɗani ne mai haɗari. Haka ma maɗori, sunansa nasa ne, ba mu ba likitan ƙashi shi ba.

Saura tiyata. Wasu sun ce ai Turanci ce, daga *theatre*. Haka ne. Likita da asibiti ma daga Turanci suka zo, kuma babu tsohuwar da ke neman fassararsu. Asalin sunan ma abin lura ne: ɗakunan aiki na dā a Turai an gina su ne da benci hawa-hawa kewaye da teburin, ɗalibai na zaune suna kallon malaminsu, kamar gidan wasan kwaikwayo. Akwai irin wannan ɗaki na tsohon asibitin St Thomas a Landan, na 1822, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ta hannun Ingilishi kalmar ta zo mana. Amurkawa ba sa kiran ɗakin haka, don haka Casey kansa ba da wannan suna ya san shi ba. Mu kuma da muka karɓe ta sai muka faɗaɗa ta: ɗakin tiyata, an yi masa tiyata, kuɗin tiyata. Ta zauna daram, tana ɗaukar ɗafa-ƙeya irin namu, wato ƙari a ƙarshen kalma, tiyatar ido, tiyatar zuciya. Kalmar da ta kai nan ta zama 'yar gida.

Amma amsar da ta fi ratsa ni ita ce ta Anti, ma'aikaciyar jinya, da ta ce a cikin shekarunta na aiki ba ta cika jin dangin majinyaci sun ce tiyata ko fiɗa ba, "aiki" suke cewa. An yi mata aiki. Da aiki aka ciro jaririn. Wurin aikin bai warke ba. Anti, kin tuna mini abin da ni kaina na rubuta a sama ban lura ba, na ce "aka yi aikin". Kuma kalmar Turancin, *surgeon*, in aka bi saiwarta, daga Girkanci ta fito, haɗin "hannu" da "aiki". Wato aikin hannu. Bahaushe bai karanta Girkanci ba, amma ya sauka daidai inda suka sauka. Matsalar kawai ita ce ba a iya gina sunan mutum a kanta. "Likitan aiki" bai bambanta kowa ba, don kowane likita aiki yake yi. Saboda haka aiki ya zauna a bakin gado da cikin gida, tiyata ta zauna a suna da rubutu.

Bambanta likitan tiyata da sauran likitoci yana da amfani ko a wajen bayanin waɗannan finafinan. A kaka guda da Ben Casey, tashar NBC ta fara Dr. Kildare, inda Richard Chamberlain ya fito a sabon likita mai taushin hali da ke koyon aiki a ɓangaren cututtukan da ake bi da magani. In muka ce dukansu "likita" ne muka yi shiru, mun shafe abin da ya raba su.

Yanzu ga mai wuyar, *neurosurgeon*. Wani ya kawo "likitan tiyatar jijiya". Jijiya a Hausa buhu ce mai ɗaukar kaya da yawa: hanyar jini jijiya ce, agara jijiya ce, zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ma jijiya ne. Mai ji ba zai san wacce ake nufi ba. "Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa" ya fi, don shigar tiyata a tsakiya ta kore zancen hauka. Sai dai ya bar rabin aikin a waje. Waɗannan likitoci su ne kuma ke duba wanda ya karya wuya ko gadon baya ƙafafunsa suka mutu. Muna da kalmar wannan tun kaka da kakanni: laka, farin abin nan da ke bi ta cikin ƙashin baya, wanda muke nufi in mun ce wane kamar ba shi da laka a jiki. A rubuce ta yi kama da laka ta taɓo, amma a kusa da ƙwaƙwalwa ba wanda zai ruɗe.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1962, Ben Casey na shekararsa ta biyu a talabijin, Dakta Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen wannan tiyata a asibitin koyarwa na Ibadan. A zamaninsu babu na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai, sai a 1971 aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan. Shi ya sa za ka ga a shirin ana ta haska ido, ana buga gwiwa da 'yar guduma, ana tambayar majinyaci sunansa. Shekara sittin da wani abu ana wannan aiki a ƙasarmu, ya kamata a ce yana da tsayayyen suna a harshenmu.

Ga abin da ni zan riƙa rubutawa daga yau: *surgeon*, likitan tiyata. *Neurosurgeon*, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, in magana ta yi tsawo a tsaya a ƙwaƙwalwa, amma kada a taɓa jefar da "tiyatar". Ma'aikatan asibiti da ke nan, don Allah in za ku yi wa uwa bayani, ku ce mata za a yi wa ɗanta aiki a kai, likitan tiyata ne zai yi.

Jiya da dare Kawu ya sake tarar da ni ina kallo. Na ce, "Kawu, ran nan ban faɗa maka daidai ba. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne." Ya ɗan yi shiru yana duban Casey da ke wanke hannu har gwiwar hannu. Ya ce, "Wato irin wanda ya yi wa ƙanenka aiki." Na ce, "Shi ne, Kawu."